Idan abokan aiki sun raina ka: ka zauna, ka yi magana, ko ka tattara ka tafi?

Ɗan ƙanin babana ne ya jawo wannan rubutu. Wata takwas ke nan da ya samu aikin rubuta manhaja a wani kamfani da ke Legas, yana yi musu daga nan ƙauyenmu, gefen Ringim, kamar yadda ni ma na daɗe ina yi wa nawa kamfanin. Wata Lahadi da daddare, mutane sun dawo daga kasuwar Gujungu an yi isha'i, ya same ni a zaure da laftof a hammata. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun gama ba, ya buɗe ta ya juyo min da fuskarta.

"Yaya, duba nan. Yau kwana tara."

Aikin da ya tura GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke tara aikinsu, ne yake jiran a duba a haɗe shi da na kowa. Kwana tara ba wanda ya leƙa, sai mutum ɗaya da ya ajiye alamar tambaya a wani layi ya wuce, ko kalma ɗaya bai ƙara ba. A taron safe kuwa, da ya fara magana sabis ya ɗan tsinke, sai wani ya ce a wuce shi kawai, ya rubuto daga baya. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne wata shawara da ya taɓa kawowa, cewa manhajar ta riƙa ajiye abin da mutum ya shigar a cikin wayarsa idan babu intanet, ta tura in sabis ya dawo. Aka yi tsit. Bayan sati uku wani ya maimaita maganar nan da irin Turancinsu na Lekki, aka hau yaba masa.

"Ni gobe zan ajiye musu aikinsu," in ji shi.

Na ce ya bari tukuna a kawo shayi.

Hanyoyi uku ne a gaban wanda ya samu kansa a wannan hali, kuma dukkansu na taɓa bi. Ko ya zauna ya sauya salon aikinsa, ko ya fito ya yi magana, ko ya bar wurin. Kowacce da kuɗin da ake biyanta, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne ga mazaunin Yaba a Legas da mazaunin ƙauye a Jigawa. Amma kafin mu kai can akwai abin da sai an tantance, domin na ga mutane da yawa sun yi zuciya a kan abin da ba raini ba ne.

Sana'ar nan an gina ta ne a kan neman kuskure. Duk kod ɗin da ka rubuta, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da manhaja, sai wani ya bi shi layi-layi kafin a karɓa, kuma aikinsa ke nan ya gano inda ka kauce. Wanda ya taso a gidan da ba a ce wa babba ya yi kuskure a bainar jama'a, ranar farko da ya ga gyara goma sha biyu a ƙarƙashin aikinsa, kowa yana gani, ji zai yi kamar an tsire shi a kasuwa. Alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yadda nake bambancewa shi ne: mai gyara yana nuna layi, ya faɗi dalili, sau da yawa har ya nuna mafita. Mai raini ba ruwansa da layin, kai yake nufi. Mutumin da ya rubuto maka gyara ashirin masu zafi ya ɓata awa guda na ransa a kanka, wannan riƙe shi da kyau ko da bakinsa ba daɗi. Mai alamar tambaya ɗaya tilo shi ne abin dubawa.

Shi ma jinkirin, sai an auna. GitHub ba ya ɓoye kwanan wata. Na ce wa ƙanen nawa mu buɗe ayyuka ashirin na ƙarshe da aka haɗe mu ƙirga kwana nawa kowanne ya yi yana jira. Da a ce na kowa yana yin sati, da ciwon na kamfani ne, kuma maganinsa daban. Ƙa'idar bitar kod da Google ya wallafa wa duniya ta ce kada amsa ta wuce yinin aiki guda, amma kamfanoni da yawa ba sa kusantar haka, ba don sun tsani kowa ba. Muka ƙirga. Na sauran yini ɗaya ne ko biyu. Nasa kaɗai ke yin tsami. To a nan na yarda ba zargi yake ba.

Akwai kuma namu kason, ko da ba daɗin ji. An raine mu da kawaici: kar ka katse babba, kar ka yabi kanka, in an ƙi sauraronka ka ja bakinka. A majalisar ƙofar gida wannan daraja ce, kowa ya san shirunka ba na rashin abin faɗa ba ne. A taron Google Meet na minti goma sha biyar, ga kyamararka a kashe saboda tattalin data, shirun nan ana fassara shi da cewa ba ka da komai a ka. Ka haɗa da karin harshenmu, da abin da wasu suka riga suka ƙudurta game da "aboki" tun kafin ka buɗe baki. Ba ina wanke su ba ne. Ina so ne a ware abin da ke hannunmu da wanda ba ya hannunmu. Kuma kada wani ya ɗauka mu kaɗai ake yi wa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux da Git, manhajoji biyu da masu sana'ar nan suka dogara da su, a watan Satumba na 2018 da kansa ya fito ya nemi afuwa kan yadda ya daɗe yana yarfa masu turo masa aiki, har ya ɗan janye daga jagoranci na kimanin wata guda. A 2018 ɗin dai masu Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, suka amsa cewa dandalinsu ba ya yi wa sababbin shiga da mata kyakkyawar tarba. Tsohon ciwo ne a sana'ar.

Hanya ta farko, wato zama, ita ce mutanenmu suka fi saurin ba da shawararta, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. In ka kai ƙara wurin dattijo zai ce ka yi haƙuri, mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma dafa dutse ma sai da wuta a ƙarƙashin tukunya. Zaman da nake nufi shi ne ka kwashe komai naka daga fatar baki ka mayar da shi rubutu, domin a rubuce ba mai katse ka, sabis ba ya cinye rabin jimlarka, karin harshe ba ya fitowa, kuma kwanan wata yana manne da kowace magana. In kana da shawara, rubuta ta a zauren kowa da kowa na Slack, manhajar da ma'aikata ke musayar saƙo a cikinta, tun kafin taro, sakin layi biyu: ga matsalar, ga abin da nake gani, ga abin da zai ci. A taron sai ka ce ka ajiye bayani a wuri kaza. Ranar da wani ya sake kawo ta a matsayin tasa, ba sai ka yi faɗa ba. Ka ce madalla, ga inda muka fara tattauna ta ranar kaza, ka liƙa mahaɗin. Kowa ya iya karanta kwanan wata.

Haka aikin da kake turawa. Na ƙanena ya taɓa fayil talatin da wani abu a tashi ɗaya, bayaninsa kuma layi guda. Ni kaina in na ga irinsa sai in ce sai gobe. A yanka shi ƙanana, kowanne da bayanin abin da ya canza da dalili, da hoton allo ko ɗan bidiyo in akwai abin gani, sannan a ambaci mutum ɗaya da sunansa a ce shi ake jira. Aikin da aka jefa wa "kowa" ba na kowa ba ne. Ka kuma buɗe wani fayil naka na kanka, duk Juma'a kafin ka tafi masallaci ka rubuta abin da ka gama a satin da abin da ya gyara. Wata shida nan gaba, ko wurin neman ƙarin albashi ko wurin neman wani aikin, wannan fayil ɗin zai yi maka maganar da kunya ba za ta bari ka yi ba.

Sai abin da ƙauyen kansa ya ba ka wanda su ba su da shi. Su suna gwada manhaja a kan intanet mai ƙarfi da wayoyi masu tsada. Kai kana zaune a inda sabis ke zuwa yana komawa, ga maƙwabta da ƙananan wayoyin Android da ma'ajiyarsu ta cika da bidiyon biki. Yawancin masu amfani da manhajar a Najeriya sun fi kama da maƙwabtanka. Ni da wannan na samu gindin zama a wurin aikina na biyu. Na ɗauki wayar wani mai shayi a bakin tasha, da izininsa, na yi bidiyon manhajarmu tana juyi tana juyi ta kasa buɗewa, na tura ba tare da dogon sharhi ba. Daga ranar duk abin da ya shafi raunin sabis ni ake tambaya. Sai dai a yi adalci: tsinkewar sabis a tsakiyar taro tana gajiyar da mutane da gaske. Layi biyu na kamfanoni daban, da sola ko ƙaramar inbata, da sanin kusurwar gidan da sabis ya fi zama, waɗannan jarin sana'a ne kamar yadda garma take ga manomi, ko da yake tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025 jarin ya ƙara nauyi.

Ribar zama a bayyane take. Albashin mai aiki a ƙauye ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai takin damina, akwai kuɗin makarantar ƙanne, akwai wanda za a kai asibiti Kano cikin dare. Sannan takardar tarihin aiki mai wata takwas da mai shekara biyu ba ɗaya suke ba a idon mai ɗauka. Kasuwar masu ƙaramar gogewa ta daɗe da cushewa. Tun watan Satumba na 2019 Andela, kamfanin da ke samar wa kamfanonin waje masu rubuta manhaja daga Afirka, ta sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400, ta ce masu neman ma'aikata manya suke so. Yanzu kuma ga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 da burin horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani, ga waɗanda manyan makarantun Kazaure da Dutse da Wudil da BUK ke yayewa kowace shekara. Kujerar da ka tashi a kai cikin fushi, kafin la'asar wani ya zauna.

Amma zama yana da nasa cizon, kuma a ƙauye ya fi zafi. Wanda ke Legas in an ɓata masa rai a taro, zai fita cin abinci da wani abokin aikin su zagi oga tare ya huce. Kai kana rufe laftof sai katangar ɗaki da kukan awaki. Wa za ka yi wa bayanin cewa alamar tambaya ce ta hana ka barci? Rabin garin ma ba su gama yarda aiki kake yi ba, wasu na raɗe-raɗin ko ɗan damfarar intanet ne. Sai ka tarar fushin ya bi ka cikin gida, ka zama kaza mai hucewa a kan dami, matarka ko ƙannenka su sha abin da ba su suka dafa ba. Na yi wannan, kuma ba na alfahari da shi. Babban haɗarin kuma shi ne rainin da ya wuce baki ya shiga rabon aiki: kullum kai ne mai gyara launin maɓalli da kuskuren rubutu, manyan ayyuka na wasu. Wannan zaman tsufa ne a wuri ɗaya. Ma'aunina a nan shi ne, in ka waiwayi wata shida ka kasa lissafa abu uku da ka iya yanzu waɗanda da ba ka iya ba, to zaman ya daina biyan kuɗin kansa.

Hanya ta biyu, magana, ita ta fi araha in ta yi kyau, ita kuma ta fi saurin ƙona mutum in ta ɓaci. Mu mun saba da hannunka-mai-sanda, ko mu aika wani ya je ya faɗa. A Slack ba mai gane habaici, in ma an gane sai a ce kai ne mai wuyar sha'ani. Dole sai ka faɗa kai tsaye, kuma abin da ya faru za ka faɗa, ba abin da kake zargin yana zuciyar mutum ba. "Ka raina ni" ƙofar musu ce, zai ce shi bai raina ka ba, an gama. "Na ga alamar tambaya a layi kaza, ban gane me kake so in canza ba, ko za ka ba ni minti goma mu duba tare?" wannan ba ta da wurin musu.

Sau biyu na gwada. Na farko wani babba ne da kullum amsarsa gare ni kalma ɗaya ce ko biyu. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa, na hau kan soron gidanmu inda sabis ya fi kyau, na kira shi. Ashe mutumin nan ayyukan mutum bakwai yake dubawa shi kaɗai, ga jariri a gida, kuma bai ma san ina jin haushi ba. Ya ce in na ga ya gajarta in tambaye shi kawai. Shekara biyu muka yi tare bayan nan, kuma rabin abin da na sani game da rumbun bayanai a wurinsa na koya. Na biyu kuwa da na yi masa irin wannan magana dariya ya yi, ya ce in ba zan iya jure zafi ba in koma gona. Washegari ya maimaita a taro a matsayin raha. Amma ko wannan kiran bai tashi a banza ba, domin a minti biyar na san abin da da sai na shekara ina kokwanto.

In ta mutum da mutum ba ta yi ba, sai manaja. Shi kuma da harshen aiki ake zuwar masa. Ka ce ayyukana uku sun yi kwana kaza suna jira, na sauran kwana kaza, ga shafin, kuma wannan ya jinkirta abu kaza da muka yi wa kwastoma alkawari. Ko za a sa ƙa'idar wanda zai duba aikin wa, da cikin kwana nawa? Ka kawo masa matsalar da zai iya warwarewa ba tare da ya hukunta kowa ba. Manajan da ya san aikinsa ya san wannan ba shagwaɓa ba ce. Google ya yi wani bincike a cikin gida daga 2012 a kan rukunonin ma'aikatansa kimanin 180, ya gano babban abin da ya bambanta rukunin da ke cin nasara shi ne mutum ya iya tambaya ko ya amsa kuskurensa ba tare da tsoron a muzanta shi ba, abin da Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta daɗe tana rubutu a kai. Yadda manajan ya karɓi maganarka shi zai gaya maka ko gidan na zama ne.

Inda hanyar nan ke da rami shi ne idan mai rainin shi ne mai kamfanin, ko abokinsa tun na makaranta. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su da ofishin kula da ma'aikata, in ma akwai, albashinsa daga hannun wanda kake ƙara yake fitowa. Kada kuma ka dogara da cewa doka za ta tare maka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tsara wa'adin sanarwa kafin sallama, daga yini ɗaya har zuwa wata guda gwargwadon daɗewar mutum, amma ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ta cire masu aikin ƙwarewa da na fasaha. Irinmu takardar yarjejeniyar da muka sa wa hannu ce madogararmu, ita za a duba in ta kai ga Kotun Ma'aikata. Saboda haka kafin ka buɗe baki ka buɗe takardar nan ka ga kwana nawa aka rubuta, kuma ma'aikaci aka kira ka ko ɗan kwangila. Abu uku kuma da ban taɓa ganin sun haifi ɗa mai ido ba: mayar da martani a zauren kowa da kowa, tura saƙon murya cikin fushi, da zuwa Facebook a yi habaici. Mace a wannan sana'a nata ya ninka, domin maganar da namiji zai yi a ce yana da tsayuwa, ita in ta yi sai a ce ta cika ƙorafi. Ita rubutu da kwanan wata sun fi zame mata dole.

Hanya ta uku, tafiya, ƙofa biyu gare ta, kuma mutane suna haɗa su alhali ba su yi kama ba.

Komawa wani kamfanin magani ne idan ciwon na gidan ne. In kuwa shirunka da manyan ayyukan da ba bayani su ne rabin matsalar, za su riga ka isa sabon wurin. A ganawar ɗaukar aiki kai ma kana da damar tambaya: wa ke duba aikin sabon shiga, cikin kwana nawa, mutum nawa ne ke aiki daga nesa, kuma ana yanke shawara a rubuce ne ko a teburin cin abincin ofis? Tambayar ƙarshen nan ta fi muhimmanci gare mu. Kamfanin da kowa ke nesa ya fi wanda kai kaɗai ne a allo sauran suna ɗaki ɗaya, nesa ba kusa ba. Kamfanonin waje suna biya da dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 bambancin ya zama abin da ba a kawar da kai a kansa. Sai dai ɗan kwangila za su ɗauke ka, saƙo ɗaya ya isa a rabu. Ga lokaci: Ingila da mu kusan ɗaya muke, amma ƙarfe tara na safe a Kalifoniya biyar ce ko shida ta yamma a nan, taronsu yana cin magariba yana shiga daren da iyali ke jiranka.

Ɗaya ƙofar ita ce cin gashin kai, kuma ita ce mai fushi ya fi mafarki: ba oga, ba taron safe. Na yi shekara ɗaya da rabi a cikinta. Fiverr da Upwork shafuka ne da masu cin gashin kai ke samun kwastomomi. A Fiverr kashi 20 cikin 100 na duk abin da ka samu nasu ne. A Upwork ko neman aikin ma sai ka kashe wasu maki da ake saye da kuɗi, kuma kana gogayya da mutanen Indiya da Pakistan masu tarihin ayyuka ɗaruruwa. Raini kuma bai ƙare ba, ya sauya riga ne: kwastoman da zai ce ɗan ƙaramin gyara ne, ya cinye maka sati. Na juyo gida, na yi wa wata makaranta mai zaman kanta manhajar sakamakon jarrabawa, na yi wa wani dillalin riɗi da zoɓo mai kai kaya Maigatari ta lissafin buhuna da bashi. Girmamawa kam na sha ta, har Injiniya ake kirana. Kuɗin ne sai a hankali. In ka faɗi farashi a ce haba, ai kai ɗan gida ne. In ka je karɓar ciko a ce sai an sayar da kaya, a bi ka da Allah ya yi albarka. Kai ne kuma mai gyaran firinta da mai dawo da WhatsApp ɗin Alhaji in ya ɓace. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, wata goma sha takwas ba wanda ya karanta layi ɗaya na kod ɗina. Da na koma neman aikin kamfani na tarar hannuna yana nan inda na bar shi, duniya ta yi gaba. Har na yi kewar mai gyara ashirin ɗin nan.

In aka jera su a kan kuɗi, zama ne a gaba, sai komawa wani kamfani ga wanda ya riga ya samu takardar ɗauka a hannu, cin gashin kai a can baya sai ga mai kwastomomi tun da. A kan ƙaruwar ilimi kuwa ba hanya ce ke yanke hukunci ba, tambayar ita ce a ina za a karanta aikinka a gaya maka gaskiya. A kan kwanciyar rai, tafiya tana ba da sauƙi nan take, amma in ba ajiya sauƙin ba ya kai ƙarshen wata. Magana ita kaɗai ce ba ta hana ka sauran biyun, shi ya sa ban ga dalilin da mutum zai tsallake ta ba, sai fa inda rainin ya zama zagi a fili, ko cin mutuncin addini ko ƙabila, ko taɓa albashi. Wannan ba na zama a gyara ba ne, neman hanyar fita ake yi tun ranar, a ajiye hoton kowane saƙo.

Ko tafiyar ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ba na ba wa kowa shawarar ajiye aiki sai da ɗaya daga cikin biyu: takardar sabon wuri, ko abin da zai riƙe gida wata huɗu zuwa shida, har da kuɗin data. A ba da sanarwa yadda takarda ta ce, a miƙa aiki da bayani mai kyau, a yi sallama ta mutunci ko da zuciya na tafasa. Masu wannan sana'a a ƙasar nan ba su da yawan da ake zato, kuma wanda ka yi wa baram-baram yau shi za a kira gobe a tambaya yaya aikinka yake.

Da shayin ya huce na tambayi ƙanena abu uku da ya koya tun zuwansa wurin. Ya lissafa biyar bai tsaya ba. Na tambaye shi nawa ya ajiye, ya sosa ƙeya, ya ce ai ya sayi taki ya kuma gyara rufin ɗakin Inna. Na ce to ajiye aiki gobe babu shi.

A daren muka yanka aikin nan gida uku, kowanne da bayaninsa. Ya rubuta wa mai alamar tambaya saƙo, ya goge, ya sake rubutawa har sau huɗu, ina cire masa "don Allah ka yi haƙuri" da yake ta jerawa kamar shi ya yi laifi. Muka bar guda ɗaya. Zuwa Laraba an haɗe biyu, wani daban ne ma ya duba su. Na ukun yana nan, mutumin bai amsa ba har yau, kuma ranar Litinin ƙanen nawa zai kai wa manaja lissafin kwanakin. Mun yi da shi zai ba su zuwa kaka, in an gama yankan gero mu sake zama mu ƙirga. Kafin nan ya sabunta takardar tarihin aikinsa, kuma duk Asabar yana tura ta wuri biyu.